Burodi da ƙosai: Abincin ƙuruciya da ke tuna wa Zazzagawa gida

Ga dubban mutanen da suka tashi a cikin birnin Zariya daga shekarun 1970 zuwa yau, da wuya a sami karin kumallon da ke tuna masu da ƙuruciya kamar burodin da aka tsaga, aka cusa masa ƙosai mai zafi, sannan aka barbaɗa yaji.

Abinci ne da ba ya buƙatar kwano ko cokali, kuma yaro na iya cin sa yana tafe a kan hanyarsa ta zuwa makaranta.

Turawa na da suna na musamman ga irin wannan haɗi, wato sanwic, sunan da ya samo asali daga sarautar wani basaraken Ingila na ƙarni na 18, John Montagu, wanda aka ce yakan sa a kawo masa nama a tsakanin yanka biyu na burodi don kada ya tashi daga teburinsa.

Bahaushe dai bai raɗa wa abin suna ba. Abin da ake cewa kawai shi ne burodi da ƙosai, ko burodi da ƙwai, ko burodi da tsire, kuma kowa ya san abin da ake nufi.

To sai dai wannan abinci da a yau ake kallo tamkar gadon kaka da kakanni, rabinsa baƙo ne. Ƙosai ɗan gida ne, amma burodi bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a ƙasar Zazzau, kuma kusan duk alkamar da ake yin sa da ita daga ƙetare ake shigo da ita.

Kafin zuwan burodi

A cikin ganuwar Zariya, a unguwanni irin su Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma, karin kumallon da aka gada shi ne ɗumame, wato tuwon da ya kwana, a ɗumama shi da safe tare da sauran miyar jiya.

Gidan da ba a kwana da tuwo ba kuwa, sai a aiki yaro da kwano ya sayo koko da ƙosai a maƙwabta, ko kuma waina da miya.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe ana noma ta a lambu lokacin hunturu, kuma sunanta ma daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro sunan gurasa da na shayi.

Amma a da abincin sarakuna da attajirai ce, da kuma na ranakun biki. Da ita ake yin funkaso da alkaki da alkubus, abubuwan da talaka ba ya gani sai da Sallah, ko ranar suna, ko a cikin garar amarya.

Saboda haka a wancan zamani yaron birni bai san alkama a matsayin abincin kullum ba. Dawa da gero da masara da wake su ne suka raine shi.

Da jirgin ƙasa ya zo

Burodi irin na gidan burodi ya fara ne a garuruwan bakin teku. A Legas, wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo Nijeriya a 1913 domin aikin jirgin ƙasa, shi ne ya shahara da sana'ar har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi.

Layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma shi ne ya haifar da Sabon Gari, inda ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a wajen ganuwa.

A can ne burodi ya fara samun masu saye, tare da barikin soja da kuma makarantun kwana. Kwalejin Barewa ta tare a Zariya a 1949, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, kuma duk waɗannan wurare ne da ake karyawa da shayi da burodi.

Cikin birni kuwa ya ɗauki lokaci kafin ya karɓi baƙon. Shekaru da dama burodi tsaraba ne, abin da mai gida ke riƙowa idan ya dawo daga Kaduna ko Kano ko Ikko, a yanka a raba wa yara kowa ya sami ɗan gutsure.

Har yanzu wannan al'ada ba ta mutu ba. Duk motar da ta tsaya a Kwangila sai masu tallar burodi sun yanyame ta, kuma matafiyi da yawa na jin nauyin shiga gida hannu rabbana.

Abin da ya mai da burodi abincin kowa da kowa shi ne arzikin man fetur na shekarun 1970. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkama a Apapa a 1962, daga baya aka kafa wani injin a Kano, Naira tana da ƙarfi, alkamar Amurka kuma tana da araha.

Ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a hannun ma'aikata, sannan shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya fitar da ɗimbin yara daga gida da sassafe, a lokacin da sau da yawa ba a kai ga hura wuta ba.

Yaron da zai kama layi a makaranta da ƙarfe bakwai da rabi ba zai jira ɗumame ba. A nan ne burodi ya sami ƙofar shiga birni.

Yadda ake haɗa shi

Aikin ƙosai tun da asuba yake farawa, ko ma tun daren jiya. Ana jiƙa wake, a surfa shi a wanke har sai ƙowa ta fita, sannan a kai markaɗe tare da albasa da attaruhu.

Kafin injin markaɗe ya yawaita, a kan dutsen niƙa ake yin wannan aiki, kuma tsofaffi da dama na nan a kan bakansu cewa ƙosan dutse ya fi na inji daɗi.

Sirrin ƙosai dai yana wajen bugu. Mai ƙosai kan buga ƙullun da muciya ko ludayi har sai iska ta shige shi ya yi sauƙi, ta sa gishiri dab da za ta fara tuya, sannan ta riƙa ɗiba tana sakawa a cikin mai mai zafi.

Idan bugun ya yi, ƙosan zai taso ya kumbura, bayansa ya yi ja, cikinsa kuma ya yi laushi kamar soso. Idan bai yi ba, sai ya kwanta ya sha mai.

A da da man gyaɗa ake tuyar, irin wanda mata ke matsewa a gida wajen yin ƙuli-ƙuli, kuma ƙamshinsa na daga cikin abubuwan da masu bege suka fi ambata.

Shi kuwa burodin, ba a son mai yanka-yanka na kanti. Wanda ake so shi ne ɗan ƙaramin nan mai laushi da ɗan zaƙi, wanda ake tsagawa da hannu.

A jera ƙosai uku ko huɗu a ciki, a zuba yajin ƙuli, sannan a matse da tafin hannu har ƙosan ya farfashe, mansa ya ratsa burodin. Wannan matsewa ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Ta fuskar gina jiki ma haɗin ba na banza ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuma yana ɗauke da wani nau'i na sinadarin da alkama ke da ƙarancinsa, don haka ɗaya na cike giɓin ɗaya.

Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace noman irin wannan wake a duniya, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na daga cikin wuraren da suka fitar da ingantattun irinsa.

Ƙosai ya yi tafiya mai nisa. Yarbawa na kiran sa akara, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da shi har jihar Bahia ta ƙasar Brazil, inda har yau mata ke tuya shi da manja a bakin titi.

Ba ƙosai kaɗai ake cusawa ba. Akwai burodi da bota, wato Blue Band, wani lokaci har da barbaɗen sukari. Akwai burodi da kifin gwangwani na Geisha ko Titus, wanda ya fi zama abincin 'yan makarantar kwana ranar da iyaye suka kawo ziyara.

Bayan Babbar Sallah kuwa, makonni ake yi ana cusa soyayyen naman layya ko dambun nama, kuma yaron da ya zo makaranta da irin wannan ƙunshi ba ya rasa abokai a ranar.

Awara ta zo daga baya. Sai a shekarun 1980 da 1990 ne ta bazu, bayan da cibiyoyin binciken noma suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya, amma yanzu ta kusa kamo ƙosai a bakin makarantu, musamman a wajen 'yan mata.

Kuɗin tara da farantin talla

Kusan duk wanda ya yi firamare a arewacin Nijeriya ya san kuɗin tara, wato 'yan kuɗin da ake ba yaro ya sayi abin taɓawa idan an fita hutun safe.

Waɗanda suka fara makaranta kafin 1973 da kwabo da taro da sisi suka san shi. Bayan da aka koma Naira da kwabo a watan Janairun wannan shekara, sai sunayen suka bi sababbin kuɗin, sisi ya zama kwabo biyar, sule kuma kwabo goma.

Abin da kuɗin tara ke saye yana da yawa. Ban da ƙosai da fanke da ɗanwake da rogo da ƙuli, akwai kayan zaƙi irin su alewa da kantu da gullisuwa da tuwon madara da iloka da hanjin ligidi da carbin malam, ga kuma 'ya'yan itace na lokaci kamar goruba da magarya da kanya da ɗinya.

Wani abu da masu bege kan manta shi ne hannun da ya yi waɗannan abubuwa, da kuma kan da ya ɗauko su.

A cikin birni, inda matan aure da yawa ke cikin kulle, sarrafa abinci don sayarwa shi ne babbar hanyar da mace ke samun kuɗin kanta. Tana tuya a tsakar gida, 'yarta ko 'yar riƙonta kuma ta fita da faranti.

Wannan tsari ya daɗe. Yana cikin labarin Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka kuma buga a 1954.

Haka nan binciken da Emmy Simmons ta gudanar a ƙauyuka uku na kewayen Zariya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa mafi yawan matan aure na da irin wannan sana'a, kuma wani kaso mai yawa na abin da iyali ke ci da rana sayen sa ake yi daga wani gida.

Da ribar tallar ake tara wa yarinya kayan ɗaki, kwano bayan kwano, har ranar aurenta.

Ma'anar wannan ita ce, sau da yawa ƙosan da ɗan makaranta ya ci a lokacin tara, wata yarinya sa'arsa ce ta kawo shi, ita kuma tana bakin ƙofar makarantar maimakon cikin aji.

Gwamnatoci sun sha ƙoƙarin raba yara da talla. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara a makaranta, kuma a 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta yi dokar hana bara da talla a kan tituna.

A farkon wannan shekara ta 2016 ne kuma jihar ta ƙaddamar da ciyar da 'yan firamare kyauta, abin da ya sa azuzuwa suka cika maƙil, ko da yake an yi ta ƙorafin cewa wasu yaran na tafiya da zarar sun ci.

Sai dai doka ba ta amsa tambayar da uwar yarinyar ke yi ba, wato wa zai kai mata ƙosan kasuwa idan 'yar ta tafi makaranta. Shi ya sa farantin talla bai ɓace daga lungunan birni ba.

Teburin mai shayi

Idan ƙosai na mata da yara ne, teburin mai shayi na maza ne.

Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka har Tudun Wada: tebur da benci biyu ko uku, tukunyar ruwan zafi a kan wuta, gwangwanayen madara da Bournvita da Milo a jere, ga kiret ɗin ƙwai, ga burodi an tsara kamar bulo.

Mai shayi kan ɗaga kofi sama ya riƙa juye shayin daga wannan zuwa wancan don ya huce ya kuma yi kumfa. Mai hali ya ce a yi masa mai kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi kuma ya sha ruwan bunu, wato shayin da babu madara.

Ga yaro namiji, ranar da ya fara zama a wannan benci da kuɗinsa, ya ce a soya masa ƙwai biyu da albasa a sa a burodi, rana ce da ba ya mantawa. Alama ce ta cewa ya fara zama mutum.

Abubuwa biyu sun sauya teburin. Na farko shi ne madarar gari ta ƙaramar leda, wadda Cowbell ta shigo da ita a 1993, ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya shan shayi da madara ba tare da an fasa gwangwani ba.

Na biyu kuma taliyar Indomie ce, wadda aka fara yi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990. A yau samari da yawa Indomie da ƙwai suke nema a wajen mai shayi kafin su tambayi burodi, kuma ga 'yan ƙasa da shekara talatin ita ce abincin ƙuruciyar da za su yi bege nan gaba.

Me ya sa ake begensa?

Masana aikin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa saƙon ƙamshi na isa kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da kuma motsin rai, fiye da yadda saƙon gani ko na ji ke yi.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙamshin man gyaɗa a kan wuta, ko na burodin da aka fito da shi daga tanda, kan dawo wa mutum da wata safiya ta shekara arba'in da suka wuce, har da sanyin hunturunta.

Marubucin nan na Faransa, Marcel Proust, ya shahara a kan wannan batu tun 1913, saboda yadda ya bayyana tunanin ƙuruciya da ɗanɗanon wani ɗan kek da aka tsoma a shayi ya farkar.

A Turai ma har an taɓa ɗaukar begen gida a matsayin cuta. Wani ɗalibin likita mai suna Johannes Hofer ne ya raɗa masa suna a 1688, bayan ya lura da yadda mutanen Switzerland da ke zaune nesa da gida ke ramewa.

Bahaushe kuwa ya rarrabe abin da kalmomi daban-daban. Akwai marmari, wanda ake yi wa abincin da aka daɗe ba a ci ba, akwai kwaɗayi, wanda ake kunyar a ce mutum na da shi, sannan akwai kewa da bege, waɗanda mutane da wurare ake yi wa su.

Abin da Bazazzagin da ke aiki a Abuja ko Jidda ko Landan ke ji game da ƙosan unguwarsu ya fi kusa da kewa. Waken da ake sayarwa a can bai bambanta da na gida ba, amma matar da ke tuyawa a soro, wadda kan ƙara masa ɗaya gyara saboda ta san kakarsa, ba ta nan.

Azumi na ƙara rura abin. A gidaje da dama na birni ba a cika buɗa-baki ba tare da ƙosai da kunun tsamiya ba, kuma wannan na daga cikin lokutan da mazauna nesa suka fi jin rashin gida.

Sau da yawa a kan ji ana cewa burodin da ya fi na yanzu daɗi da nauyi. Wani ɓangare na wannan magana aikin bege ne kawai, amma ba dukanta ba.

Haɗin burodi ya sauya a zahiri. A farkon shekarun 2000, lokacin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC, an haramta sa sinadarin bromate da ke kumbura burodi, saboda haɗarinsa ga lafiya. An kuma wajabta ƙara sinadarin bitamin A a cikin fulawa.

Gwamnatin Obasanjo ta umurci a riƙa gauraya kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa daga 2005, gwamnatin Jonathan ma ta sake farfaɗo da shirin a 2012, amma duka biyun ba su yi nisa ba.

Abin da ya fi sauya burodi dai shi ne tsada. Duk lokacin da fulawa da sukari suka tashi, mai gidan burodi da ke tsoron ƙara kuɗi sai ya rage nauyi.

Tarkon alkama

Wani abin lura shi ne, fitaccen littafin da aka rubuta kan haɗarin dogaro da burodi a Nijeriya yana da alaƙa da Zariya.

A 1985 ne wasu masana biyu 'yan ƙasar Sweden, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafin The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Beckman na koyarwa ne a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin.

Hujjarsu ita ce, ƙasar ta saba wa jama'arta da abincin da ba za ta iya nomawa da araha ba. Alkama na son sanyi, kuma a arewacin Nijeriya 'yan watannin hunturu kaɗai take samu, su ma sai da ban-ruwa.

Sun yi nazarin manyan ayyukan noman rani da aka kashe wa maƙudan kuɗi da sunan wadata ƙasa da alkama, wato na Kadawa a Kano, da Bakolori, da kuma na kudancin tafkin Chadi, suka nuna cewa abin da suke samarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake shigowa da shi.

Ba a daɗe ba sai aka gwada maganar a aikace. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama daga watan Janairun 1987, a cikin shirinta na tsuke bakin aljihu.

Gidajen burodi da yawa sun rufe, fulawar sumoga ta riƙa shigowa ta kan iyakoki, burodi kuma ya koma abin marmari a gidajen talakawa. A ƙarshen 1992 aka janye haramcin.

Waɗanda suka yi firamare a waɗannan shekaru sun fi tunawa da rogo da ƙuli, da garin kwaki, da garau-garau, fiye da burodi. Kowane zamani da abin da yake bege.

Fiye da shekara talatin bayan haka, tarkon bai saki ba. Nijeriya na shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara, kuma abin da ake nomawa a jihohi irin su Jigawa da Kano da Kebbi ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ake buƙata.

Saboda haka duk abin da ya taɓa kasuwar duniya ko darajar Naira, sai ya iso teburin mai shayi. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 ya ɗaga farashin alkama, kuma a watan Yulin wannan shekara ƙungiyoyin masu gidajen burodi suka dakatar da aiki na wasu kwanaki don nuna kukansu.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin Naira da ya biyo baya, sun ƙara dagula al'amarin. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da alkama da masara da shinkafa da wake na kwana 150.

Shigar wake cikin wannan jeri ya nuna cewa ɗan gidan ma bai tsira ba. A wannan shekara wake da man tuya sun yi tsadar da ta sa masu ƙosai da dama suka rage girmansa, gyara kuma ta zama sai wanda aka sani.

Fate

Duk da haka, idan aka tambayi sauran Hausawa abincin da suka san Zazzagawa da shi, ba za su ce burodi ba. Fate za su ce.

Kamar yadda ake tsokanar Kanawa da gurasa, haka ake tsokanar mutanen Zazzau da faten tsaki, kuma su ma ba sa musu.

Da tsakin masara ake yin sa, a dama shi ruwa-ruwa da yakuwa ko alayyafo ko rama, a sa gauta da albasa da daddawa da dakakkiyar gyaɗa, mai hali ya jefa ƙashi ko nama.

Abinci ne na rana, na damina musamman, lokacin da ganye ya wadata. Shi ake dama wa mai jego da wanda ya tashi daga zazzaɓi bakinsa ba ɗanɗano, kuma shi ne abin da uwa kan yi wa ɗanta da ya dawo hutu daga makarantar kwana bayan wata uku yana cin gabza.

Babu ko ɗaya daga cikin kayan haɗinsa da ake shigowa da shi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Masarar daga gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi take zuwa, ganyen kuma daga bayan gida ko lambunan bakin Kubanni da Galma.

A 'yan shekarun nan fate ya fita daga tsakar gida. Ana sayar da shi a gidajen abinci na Kaduna da Abuja, ana kuma kawo shi a manyan kuloli a wuraren biki, inda sau da yawa yakan riga shinkafa ƙarewa.